Mashayar Zuma da Na Shafe da Siminti

Shekarun baya, ina nufin baya sosai, wajen ƙarshen shekarun saba'in lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan kowa yana jin shi ma ya kusa zama attajiri, na taɓa yin wani aikin alheri da saura ƙiris ya raba wani dattijo da sana'ar da ya gada. Shekaranjiya na ga ana ta gardama a nan kan dalilin da ya sa zuma ta gaskiya ta yi wuyar samu, sai abin ya faɗo mini a rai. Na ce bari in ba ku labarin, tunda waɗanda za su yi mini dariya da gaske yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Garinmu ƙaramin gari ne a ƙasar Daura, sai ka ɗauki hanyar Zango sannan ka ratse cikin rairayi. Mahaifina ɗan lambu ne. Yana da wani yanki a bakin fadama inda yake noman rani: albasa, tumatir, kuɓewa, sai kabewa da kankana da gurji masu yaɗo a gefen shinge. Da jigo yake ban ruwa. Ga yaran yanzu da ba su taɓa ganin jigo ba, doguwar sanda ce da ake ɗorawa a kan gwafa a bakin rijiya, ƙarshenta ɗaya an ɗaura curin ƙasa mai nauyi, ɗayan kuma igiya da guga. Ka ja ƙasa, nauyin ya ɗago maka ruwa, ka juye a magudana. Haka mahaifina ke wuni, in ban da lokacin salla da cin abinci. Saboda ɗigar guga, bakin rijiyar nan kullum a jiƙe yake, caɓi ne da gansakuka har ya yi kore. Ƙudan zuma na sauka a kai suna tashi. Ni dai abin da na sani game da wurin shi ne ya sha ɓata mini takalmi.

Mahaifina yana da amini, tsaransa ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya. Baffa muke ce masa. Shi ba ya lambu, sana'arsa zuma ce, haka ya tarar da ubansa yana yi. Da ciyawa yake saƙa amya, ya shafe cikinta da kashin shanu, ya turara ta da wasu itatuwa da shi kaɗai ya san haɗinsu, sannan ya hau ya ɗaure a reshe ya jira zuma ta shiga. Muna yara, duk tsamiya da ɗorawar da ke kewaye da fadamar nan akwai amyarsa a kai, wata bishiyar ma biyu ko uku. Duk gidan da za a yi gara, wurinsa ake zuwa neman zumar alkaki da nakiya.

To sai aka yi babban farin nan na farkon shekarun saba'in. Itatuwa suka bushe a tsaye, waɗanda suka tsira masu gatari suka bi su. Bayan haka feshin maganin ƙwari ya shigo gonakin gyaɗa da wake. Kowace shekara sai Baffa ya sauko da amyoyin da zuma ta gudu ta bari, ya jingine su a bayan ɗakinsa, har wurin ya cika. A shekarar da nake ba ku labari, amya biyar kacal suka rage masa masu rai, dukkansu a kan tsamiyoyi biyu da ke jikin shingen lambunmu. Mutumin da a da yake cika tuluna, ya koma lallaɓa waɗannan biyar ɗin, yana zuwa safe da yamma ya tsaya a ƙasa yana kallon shigarsu da fitarsu.

Ni kuwa a lokacin ina aiki a wata masaƙa a Kano, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ga wando mai faɗin ƙafa, ga agogo, ga rediyo da nake ratayawa ko bayi zan shiga. Da aka yi mana ƙarin albashi, abokaina kowa ya sayi babur. Ni sai na ce a'a, ni mai hankali ne, zan hutar da tsohona. Na je na sayo injin ban ruwa, ɗan ƙarami mai shan fetur, da tiyo mai tsawo. A mota na kawo shi Daura, daga nan aka ɗora a amalanke zuwa gida, ina biye a ƙasa ina hura hanci, duk wanda muka gamu da shi sai na rage tafiya don ya samu damar tambaya.

Ban tsaya nan ba. Na ɗauko birkila daga Daura, na sa aka tumɓuke jigo, aka ɗaure bakin rijiya da siminti, aka yi mata murfin ƙarfe da ɗan ramin da tiyo zai shiga. Caɓin nan da ya daɗe yana ba ni haushi na sa aka kwashe na sama, aka zuba tsakuwa, aka shafe shi sumul. Kafin simintin ya bushe na sami ƙusa na rubuta sunana da shekara a daidai wurin, da manyan baƙaƙe, yadda ko mai ciwon ido zai karanta.

Ranar da aka tayar da injin rabin gari ya zo kallo. Ruwan da mahaifina ke wuni yana ja, kafin rana ta ɗaga an gama shi. Na juya ina jiran in ji abin da zai ce. Ya dubi ruwan, ya ce, "To, Allah ya yi albarka," ya sunkuya ya ci gaba da cire ciyawa a cikin albasa. Baffa kuma ya zagaya rijiyar sau biyu, ya taka simintin da ƙafa, ya daɗe yana kallon wurin da na rubuta sunana. Na ɗauka rubutun ne ya burge shi. Ya ɗago kamar zai yi magana, ya dubi mahaifina, sai kawai ya ce, "Aiki ya yi kyau, ɗana." Washegari na koma Kano ina jin babu ɗa irina a ƙasar Daura.

Wannan a ƙarshen sanyi ne. Ban sake zuwa gida ba sai da bazara ta kankama, irin zafin nan da ko kaza ba ta yarda ta bar inuwa. Ranar Asabar na iso. Tun daga ƙofar gari na lura gaisuwar mutane ta canza, ba wanda ya tambaye ni injin. A zauren gidanmu na ga ƙudan zuma sun yi cincirindo a bakin rariya inda ruwan wanke-wanke ke fita. Na tsallake na shiga.

Mahaifiyata ta kawo mini fura, ta bari na sha na ajiye ludayi, sannan ta ce, "Ka ji abin da ake ciki?"

Na ce ban ji ba.

Ta ce zuma ta addabi gari. Da rana ta take sai su sauko, duk inda ɗigon ruwa yake suna nan: bakin randa, rijiyar gari, kaskon kaji, har wurin alwala a masallaci. Sun harbi mata a rijiya, sun harbi wata tsohuwa maƙwabciyarmu fuskarta ta kumbura kwana uku ba ta gani. Na baya-bayan nan shi ne liman, yana kurkure baki kafin azahar ɗaya ta same shi a leɓe, sai na'ibi ne ya ja salla. Magana ta kai gaban mai gari, ya yanke cewa in har Juma'a mai zuwa abin bai canza ba, a sauko da amyoyin Baffa a ƙone su. Ta ce ma yanzu huɗu ne, ɗaya ta riga ta tashi ta bar masa kango.

Na ce, "Kai, abin tausayi. To me ya same su haka? Ai shekara da shekaru suna nan ba su taɓa shiga gari ba."

Ta dube ni irin kallon da uwa kaɗai ke yi. Ta ce, "Au, tambaya ma kake? Shekara nawa ina kai wa babanka abinci lambu, a ina nake ganinsu da rana? Kai ka toshe musu mashaya. Ka zo da simintinka ka shafe, ka hau kai ka yi rubutu."

Na fara kawo mata ilimin birni. Na ce ai ruwan da injin ke zubawa a lambu ya ninka na jigo, in ruwa suke so ga shi nan har ya yi yawa. Ta ce, "Da wane lokaci? Da sassafe ake tayar da shi, kafin hantsi an kashe. Ƙasar nan rairayi ce, kafin rana ta take ta shanye tas. Su kuwa da tsakar rana suke neman ruwa, kamar kowa. Jigo wuni yake yana ɗiga." Ta ƙara da cewa in ina da ƙarfin zuciya in je in dubi kabewar babana. Furenta da asuba yake buɗewa, daidai lokacin da injina ke tuƙa hayaƙi yana ƙara, babu ƙudan da ke zuwa kusa.

Na ce, "Baba ya sani?"

Ta ce, "Babanka ya sani, Baffanka ya sani. Kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, ni ce dai ba zan iya ba."

Ban ko canza kaya ba na nufi lambu, ana tsakiyar rana. Mahaifina ba ya nan, tunda yanzu ba shi da aikin yi a wannan lokaci. Na bi gefen shinge ina ɗaga ganyen kabewa. Yaɗo ya yi kyau, ganye shar, fure ko'ina, amma 'ya'yan da suka fito duk ba su wuce girman ƙwan kaza ba sun yi rawaya sun yanƙwane, wasu sun zube a ƙasa. Kankana ma haka, 'yan ƙalilan ne suka kama, su ma a karkace. Simintina kuwa yana nan fes, ya ɗauki zafi har ba ka iya taka shi ba takalmi.

A ƙarƙashin tsamiya na hango Baffa. Ya ɗauko ruwa a tulu tun daga gida, da gwiwarsa mai ciwo, yana zubawa a wasu kasake da ya jera a gindin bishiya. Na gaishe shi na karɓi tulun. Na ga kasaken babu ƙuda ko ɗaya a kai, ga su kuwa a sama suna fita a jere sun nufi gari.

Na ce, "Baffa, ba sa sha ne?"

Ya ce, "Ba sa son sabon ruwa, ɗana. Sun fi son wanda ya kwana ya yi wari-warin ƙasa. Kuma inda suka saba nan suke komawa, yanzu sun saba da gari. Ga shi kafin in kai gida in dawo wannan ya yi zafi ko ya ƙafe."

Na ce, "Baffa, ni ne na jawo, ko?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya ce yaya Kano, yaya aiki. Na sake maimaitawa. Ya ɗan yi murmushi ya ce, "Innarka ce ko? Ita dai ba ta iya ajiye magana." Daga nan na zauna a kan saiwar tsamiya, na ce ya faɗa mini abin da za a yi, ko mene ne. Ya ce abu biyu ne, kuma dole a yi su tare. A buɗe musu tsohon wurinsu ya riƙa jiƙa wuni guda, a kuma rufe musu ruwan gari na 'yan kwanaki har su haƙura su dawo. Na farkon, in ji shi, yana hannun mai rijiya. Na biyun kuwa sai mai gari ya sa baki, shi kuma ba shi da fuskar da zai je ya ce mutanen da zumarsa ta harba su ne za su wahala saboda ita.

Na ce ni ina da fuskar, tunda ni na ɓata.

Faɗin abu ya fi yinsa sauƙi. Washegari da hantsi na tafi ƙofar gidan mai gari, na tarar da dattawa zaune a inuwa, har da liman, leɓensa bai gama saɓewa ba. Na cire takalmi na durƙusa na yi gaisuwa. Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Na ce, "Ranka ya daɗe, zumar nan da ta dami gari ba laifin Baffa ba ne. Ni ne na shafe inda suke shan ruwa da siminti, ƙishirwa ce ta koro su." Na yi bayanin abin da Baffa ya ce, na roƙi a taimaka a rufe ruwa na kwana huɗu ko biyar.

Sai mai gari ya ce, "Ashe ɗan Kano ne ya aiko mana da baƙi bai sanar da mu ba." Dattawa suka fashe da dariya, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Liman ya ce, yana magana da gefen baki, shi dai ya yafe, amma in an samu zumar a tuna da wanda ya fi kowa shan wahalarta. Mai gari ya ce ya amince a gwada, sai dai maganarsa tana nan: in ranar Juma'a mutanen ƙauyuka suka zo salla aka harbi wani, ba zai iya hana a ƙone ba. Kafin azahar sanƙira ya zaga gari yana shela: a rufe randuna, a zuba rairayi a bakin rariya, masu ɗiban ruwa a rijiya su rufe abin da ya zube da ƙasa, a masallaci kuma a yi alwala a rami ɗaya a bi da toka. Mata suka yi ta mita, amma mahaifiyata ta bi gida-gida, kuma ba a cika yi mata musu ba.

Saura mai rijiya. Da la'asar na sami mahaifina a lambu, na tsaya daga gefe ina murza hula, na ce ina so in fasa simintin ta gefe ɗaya. Bai ɗago ba. Ya ce, "Kai ka yi abinka." Na ari guduma, na tsaya a kan rubutun nan nawa, don daidai nan tsohon caɓin yake. Wallahi sai da na ɗan yi jim. Duka na farko ya raba sunana biyu. Ina cikin yi na ji mahaifina daga bayana yana cewa, "A hankali, kar ka fasa har bakin rijiyar." Da na waiga sai na ga ya ɗauko kwando yana kwashe ɓaraguzan.

Ƙarƙashin tsakuwar muka tarar da tsohuwar baƙar ƙasar nan, ta bushe amma tana nan. Baffa ya sa aka buɗe murfi, aka kankaro gansakuka daga jikin rijiya aka cuɗa da ita. Ya barbaɗa 'yar kanwa, ya jera guntayen kara don su samu wurin sauka kar su nutse, ya kawo wani tsohon kakin zuma ya ɗan ƙona a gefe ƙamshin ya tashi. Matsalar da ta rage ita ce abin da zai riƙa ɗiga wuni guda, tunda jigo na riga na tumɓuke. A nan ne kaɗai ilimin masaƙa ya yi rana. Na samo tsohon duro na wanke shi sarai, na ɗora a kan duwatsu, na huda gindinsa da ƙusa, na shimfiɗa buhun algarara daga hudar zuwa caɓin. Injin ya cika duro sau ɗaya, shi ke nan ya wuni yana ɗiga. Muka kuma mayar da ban ruwa la'asar, don a bar wa furen kabewa safiyarsa.

Ranar Litinin na wuni a gindin tsamiya ina gadin caɓi. Babu wanda ya zo sai ƙudajen gida da wani ƙadangare. A gari kuwa abin ya fi na da muni, don ƙudan zuman sun zo ba su sami ruwa ba sai suka yi ta shawagi a tsakar gidaje suna nema. Talata ma haka, har wata mata ta aiko wa mahaifiyata cewa dabarar ɗanta ta ƙara haukata su. A ranar ce kuma amya ta biyu ta tashi. Muna zaune muka ji ƙugi a sama, suka fito baƙi ƙirin suka yi gabas. Baffa ya bi su da kallo har suka ɓace, ya ce, "Allah ya kai ku inda ruwa yake." Ni ne na kasa cin tuwo ranar, don a gabana dattijon nan ya koma mai amya uku.

Laraba wajen azahar ina gyangyaɗi, Baffa ya taɓa ni da sandarsa ya nuna mini buhun. Ƙudan zuma biyu ne, sun sauka a kan kara sun dukufa suna sha. Na yunƙura zan yi ihu ya riƙe mini riga. Ya ce, "Zauna. Waɗannan 'yan aike ne, bari su koma su kai labari." Kafin la'asar sun kai goma sha. Ranar Alhamis kuwa sai da na matsa da tabarmata baya, buhun ya rufe ruf, suna sauka suna tashi, ƙarar su kamar ana kaɗa zare.

Ranar Juma'a na riga kowa zuwa masallaci, ba don tsoron Allah ya fi na kullum ba, wurin alwala na je in tsare. Mutanen ƙauyuka suka yi ta zuwa da butocinsu, ruwa ya zuba har ya kwanta. Na ƙirga ƙudan zuma uku, su ma suka ɗan zagaya suka tafi. Aka yi salla aka sallame ba wanda ya yi ƙara. Da muka fito mai gari ya hango Baffa, ya ce, "Malam, a bar su su sha iska." Iyakar hukuncin ke nan. Baffa ya durƙusa ya yi godiya, da ya miƙe na ga yana goge ido da bakin rawaninsa.

Kabewar da ta fito bayan nan ta kama, ba kamar shekarun da ba, amma har mahaifiyata ta samu ta rabar wa maƙwabta. Amya ukun nan suka kai damina lafiya. Bayan shekara biyu Baffa ya mayar da wasu daga cikin na bayan ɗaki sama, zuma ta shiga huɗu. Bai taɓa komawa yawan da yake da shi a da ba, itatuwan ma babu su, amma har ƙarfinsa ya ƙare bai rasa abin hawa ya duba ba. Liman ya samu rabonsa, ni ma duk zuwa sai na koma Kano da 'yar kwalba.

Abin da na koya a nan ba wai injin ba shi da kyau ba ne. Injin ya hutar da mahaifina, ya yi masa aiki shekaru. Kuskurena shi ne na zo wurin da mutane suka shekara arba'in suna aiki, na ga abin da ban gane amfaninsa ba, na kira shi ƙazanta, ban tambayi kowa ba. Har na yi ritaya, duk inda aka kai ni aka ce in gyara wani abu, sai na fara neman tsohon wurin na tambaye shi wannan na mene ne. Sau da yawa amsar ba ta da wani amfani. Wani lokacin kuwa takan hana ni ɗaukar guduma daga baya.

Amma ba wannan ne ya fi zama mini a rai ba. Ranar da zan koma Kano na biya ta lambu in yi wa Baffa sallama, na same shi shi kaɗai. Na tambaye shi abin da ke ci mini rai tun ranar Asabar. Na ce, "Baffa, tun ranar da aka shafe wurin nan ka san abin da zai faru. Me ya hana ka faɗa? Da ba ka rasa amya biyu ba, saura ma da ƙyar suka tsira."

Ya daɗe yana wasa da sandarsa a ƙasa. Sannan ya ce, "Kai ɗan fari ne. Ka san babanka ko sunanka ba ya faɗa, balle ya yabe ka a gaban mutane. Tun da aka haife ka ban taɓa jin ya yi ba. To ranar da ka koma Kano bayan an tayar da injin, da kansa ya zo ya ja hannuna ya kai ni gaban injin nan, ya ce, 'Ka ga abin da yaron nan ya yi mini? Abokansa babur suka saya.' Duk wanda ya biyo ta hanyar nan sai ya kira shi ya nuna masa. Da la'asar yakan ɗebo ruwa ya wanke simintin, har wurin rubutun. To ni ne zan je in ce masa a fasa? Amya ai ciyawa ce, ɗana, in na rasa zan saƙa wata."

Na yi masa sallama na kama hanyar tasha, ina tafe ina share fuska da hannun riga, rediyona a kashe.

Mahaifina ya rayu shekara goma sha tara bayan wannan. Har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa mini maganar nan da bakinsa ba, ni ma ban taɓa nuna masa na sani ba. A bakin Baffa na ji ta, sau ɗaya, kuma ta ishe ni har yau. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.